Ƙanena ya soki wani da wuƙa, yanzu yana ɓoye a Daura

Ga saƙon kamar yadda ya shigo, na cire sunan unguwa kawai:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar cikin garin Katsina ce. Ƙanena ɗan shekara 22 ne, yau kwana tara kenan rigima ta haɗa su da wasu samarin wata unguwa bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo, shi ya zaro wuƙa ya soki ɗayansu a ciki, abokinsa kuma ya ɗauke wayar yaron suka gudu. Yaron yana asibiti an yi mashi aiki har yanzu bai tashi ba. Mun kai ƙanen nawa wajen gwaggonmu a Daura. 'Yan sanda sun zo sun tafi da Babanmu sai da ya kwana biyu aka sako shi, sun ce ya kawo ɗansa. Kawu ya ce a tsallaka da shi Damagaram har ƙura ta lafa, wani mutum kuma ya ce in muka haɗa dubu ɗari biyar zai kashe maganar. Mama ba ta ci ba ta sha. Anti wane hukunci ke jiransa, kuma me za mu yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya ba Mama haƙuri ya ba Baba lafiya. Na karanta saƙonki ya fi sau uku kuma na ji ciwonki har raina, amma zan gaya maki gaskiya ko da ɗaci, don wanda zai yi maki daɗin baki a wannan lokaci ba masoyinki ba ne.

Ku fito da shi. Ku da kanku, da lauya a gefe, tun yaron nan yana numfashi. Duk sauran maganar da zan yi bayanin dalili ne.

Na lura a duk saƙon naki layi ɗaya yaron da ke kwance ya samu, ban ga laifinki ba, jini ya fi ruwa kauri. Amma shi ma yana da uwa da ba ta ci ba ta sha, tana zaune a barandar asibiti kwana tara tana kallon ƙofa. Kuma ko ta fuskar doka, makomar ƙanenki a rataye take da numfashin yaron nan, don haka in za ku tashi da dare ku yi addu'a, da shi za ku fara.

To ga yadda hukuncin yake. Kundin Final Kod, wato dokar laifuka da hukuncinsu, da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya bambanta rauni da mummunan rauni, ya kuma bambanta hannu da makami. Mari ko naushi da ya jawo ciwo, ɗaurin bai wuce shekara 1 ba. Da zarar an sa wuƙa ko adda ko gariyo ko wani abu mai kisa, sashe na 248 ya shigo, in raunin ƙarami ne har shekara 3, in mummuna ne har shekara 14. Kuma mummunan rauni ba sai mutum ya rasa ido ko hannu ba, sashe na 241 ya lissafa har da karayar ƙashi, da zubewar haƙori, da tabon da ya ɓata fuska, da duk raunin da ya sa rai cikin haɗari ko ya kwantar da mutum kwana 20 bai iya harkokinsa. Kinga suka a ciki har aka shiga tiyata ba ma sai an yi gardama ba, ta wuce ƙaramin rauni nesa. Sannan mai gabatar da ƙara yana iya cewa ai wannan yunƙurin kisa ne, sashe na 229, don wanda ya luma wa mutum wuƙa a ciki ya san tana iya kashewa, shi kuwa wannan yana kaiwa har ɗaurin rai da rai. In kuma, Allah ya kiyaye, yaron ya rasu, sashe na 221 ne, kisan kai mai hukuncin kisa. Akwai inda doka ta sassauta, kamar faɗan da ya tashi nan take ba shiri ko tsokana mai tsanani, sai a sauko zuwa kisan da ba na rataya ba, amma shi ma har rai da rai yake iya kaiwa, kuma tambayar farko da alƙali zai yi ita ce me wuƙa take yi a ƙugunsa tun daga gida. Katsina ta sabunta nata kundin a 2021, shi lauyanku zai buɗe ya nuna maku sashen da ya hau kansa, ni na ba ki na asalin ne don ki ga tsanin yadda yake hawa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mani da hankali, kuma ke kin faɗe shi ne a wuce kamar ba komi ba: wayar.

Ƙanwata wayar nan ta fi wuƙar haɗari a gaban kotu muddin yaron na raye. Akwai dokar fashi da makamai ta tarayya ta 1984, ta ce fashi zalla ba makami ɗaurinsa bai gaza shekara 21 ba, in kuwa mutum yana riƙe da makami, ko yana tare da mai riƙe da shi, ko an ji wa wanda aka ƙwace rauni, hukuncin kisa ne, alƙali ba shi da zaɓin ragewa in laifin ya tabbata. Mutane suna ɗauka makami sai bindiga, a'a, dokar ta ambaci adda da wuƙa da mashi da kwari da baka da kulki, har guntun katako ko ƙarfe ko kwalba ko dutse. Kuma ba ruwanta da kuɗin abin da aka ɗauka. A jihar Osun an yanke wa wani matashi hukuncin kisa a 2014 kan fashin kaji, ya yi shekara goma yana jiran igiya sai a Disambar 2024 Gwamna Ademola Adeleke ya yi mashi afuwa. Kaji fa. To ina ga waya da jini a ƙasa.

Za ki ce ai ba shi ya ɗauka ba, abokinsa ne. Doka tana da amsar wannan, sashe na 79 ya ce in mutane suka aikata laifi da manufa ɗaya kowa ana kama shi kamar shi kaɗai ya yi. To a nan ne duk shari'ar za ta tsaya, shin sun tare yaron ne don su ƙwace waya, ko faɗa ne ya kaure kan ƙwallo shi abokin ya ga banza ya ɗauka ƙanenki bai ma sani ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar rai da mutuwa. Kuma wa zai faɗi ɓangarensa in yana ɗakin gwaggo a Daura? Ranar da aka kama abokin, kuma za a kama shi don wayar sata ana bin sawunta daga mai saye zuwa mai sayarwa, wallahi duk abin a kan ƙanenki zai juye shi, ya ce shi ya shirya shi ya soka shi ya ce a ɗauko. Wanda ba ya nan ai shi ake aske wa kai.

Na san za a ce maki ai ba a rataye kowa yanzu. Gaskiya ne gwamnoni ba sa son sa hannu, rabon da a zartar a ƙasar nan tun 2016 a jihar Edo, amma mutum sama da 3,000 ne ke zaune a ɗakunan masu jiran kisa, wasu sun shiga da ƙuruciya furfura ta same su a ciki. Kuma mu Katsinawa kada mu manta, mutumin farko da aka zartar wa kisa bayan dawo da shari'ar Musulunci kotun shari'a ta Katsina ce ta yanke mashi, kan kashe wata mata da 'ya'yanta biyu da wuƙa, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna a Janairun 2002.

Maganar kawu ta Damagaram, a yi mani afuwa babba ne, amma shawara ce ta tsoro. Daga Daura zuwa Kongolam, bakin iyakar Nijar, ba nisa, tsallakawa ba wuya, to sai kuma me? Irin wannan laifi ba ya tsufa a takarda, ko bayan shekara goma ya dawo jana'izar Baba ana iya ɗauke shi a maƙabarta. Zai zauna a ƙasar mutane ba sana'a ba dangi na kusa, yaron da dama wuƙa yake yawo da ita, kina ganin malamai zai faɗa hannunsu ko irin waɗanda suka koya mashi? Sannan gudu a idon kotu kamar shaida ce a kansa. Na uku kuma, wanda ya fi, ɓoye mai laifi shi ma laifi ne mai ɗauri, sashe na 167, har da ɓatar da shaida, wato wanda ya jefa wuƙar a masai ko ya ƙona rigar da ta ɓaci da jini ya shiga ciki. Gwaggonku da ta buɗe ƙofa don zumunci, tsohuwa, ita kuke jefawa a wuta ba ta sani ba. In wuƙar da rigar suna nan kada kowa ya taɓa, a gaya wa lauya.

Shi kuma mai dubu ɗari biyar, ku rabu da shi tun kafin ya san hanyar ɗakin Mama. Irinsu suna nan a bakin kowane caji ofis da kowace kotu, sun san ƙamshin gidan da ke cikin firgici. Yau dubu ɗari biyar, gobe a ce fayil ya wuce hedikwata a ƙaro, jibi a ce oga ya canja. Ba mai iya kashe maganar da ke da mutum kwance a asibiti da takardar likita da dangi masu bibiya. Mutum ɗaya tsarin mulki ya ba ikon janye tuhuma irin wannan, Antoni Janar na jiha, sashe na 211, shi ma a rubuce a gaban kotu. In har kuna iya haɗa wannan kuɗi to ga inda ya kamata su tafi, rabi kuɗin magani da jini na yaron, rabi lauya.

Kama Baba da aka yi kuwa ba daidai ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani ƙarara. Amma ki lura, wannan kariyar tana aiki ne ga uban da bai san inda ɗansa yake ba. In aka tabbatar shi ya sa aka kai shi Daura, ba a madadin ɗansa za a kama shi ba, da nasa laifin ne. Kowace rana da kuka ƙara kuna rage wa Baba wannan kariya.

To ya za a yi. A nemi lauya yau, wanda ya saba shari'ar manyan laifuka, ba na takardun fili ba. In ba hali, akwai hukumar tarayya ta Legal Aid mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, suna da ofis a Katsina, Baba ko kawu ya je da kansa. A gaya wa lauyan komi, har abin da kuke jin kunya, har ƙwaya in yana sha, don lauyan da aka ɓoye wa gaskiya a gaban alƙali yake jin ta daga bakin abokin gaba. Shi zai tsara ranar da za a kai shi, da rana tsaka, da Baba da mai unguwa, a rubuta cewa da ƙafarsa ya zo. Kada ya ba da bayani ko ya sa hannu ko dangwale a wata takarda sai lauya na wurin, tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauyansa, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta a dake shi don ya amsa. Ba ina cewa ya yi ƙarya ba ne, ya faɗi abin da ya yi, amma kada a ɗora mashi abin da bai yi ba. Doka ta ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya inda kotu ke kusa, biyu in da nisa.

Ki shirya zuciyar Mama tun yanzu, ba ranar zai dawo gida ba. In tuhumar ta haɗa da fashi da makami ko yunƙurin kisa, majistare ba shi da hurumin yanke ta, zai tura shi gidan gyaran hali ne a jira shawarar ma'aikatar shari'a, daga nan babbar kotun jiha, beli kuma a irin wannan yana da wuya sosai. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke ba a yanke masu ba, kuma mafi yawan waɗanda ake mantawa su ne marasa mai bibiya. Don haka a sa mutum ɗaya a gidan, mai haƙuri da iya magana, aikinsa kenan bin fayil daga tebur zuwa tebur tare da lauya. Inaga ke ce ma, tunda ke kika iya zama kika rubuto.

Sai zuwa gidan su yaron, wanda a wurina ya kamata a ce an yi tun kwana na biyu. Ba ku za ku faɗa masu kai tsaye ba, zuciya na tafasa, kuma kin san halin samarin unguwanni, ramuwar gayya ba ta tambayar wa ya yi, ƙaramin ƙanenku da ke zuwa islamiyya ma ana iya tarewa. A fara da mai unguwarku ya samu mai unguwarsu, a haɗa da limamai biyu da wani dattijo da ake jin nauyinsa. A je da jaje da ban haƙuri, ba da ciniki ba. Kada wanda ya buɗe baki ya ce a janye ƙara a zuwan farko, kada a ce ai shi ma ɗanku ya yi zagi. A ce mun zo ne ɗanmu ya zalunci ɗanku, ga abin da ya sawwaƙa na magani, kuma za mu miƙa shi ga hukuma. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ke kashe wutar ramuwa, don abin da ke tunzura mutane shi ne su ga nasu a kwance naku yana shan fura a wani gari. In sun kore ku, ku koma. In sun ƙi karɓar kuɗin, a biya a asibiti a kawo rasit.

Amma kada ki ɗauka sulhu yana goge komi. Ƙaramin rauni ana iya sasantawa kotu ta amince ta sallama. Fashi da makami da kisa laifi ne tsakanin mutum da gwamnati, ko iyayen yaron sun yafe ba su ke da ƙarar ba. Abin da yafiyarsu ke yi shi ne ta yi nauyi lokacin da ma'aikatar shari'a ke duba wace tuhuma za ta shigar, da lokacin da lauya ke roƙon sassauci, ga shi ya kawo kansa, ga shi karon farko ne, ga shi an biya magani, ga iyayen sun sauko. Akwai kuma tsarin da mutum ke amsa ƙaramar tuhuma a rage mashi, lauya zai duba ko ya dace da shi.

Ta fuskar addini ma nauyin ba ƙarami ba ne, kuma gara ku sani. Allah ya ce a Suratul Ma'ida raunuka akwai ƙisasi. A fiƙihunmu na Malikiyya sukar da ta ratsa har cikin ciki sunanta ja'ifa, ba a ramawa don ramuwar na iya kisa, diyya ake biya, sulusin diyyar rai. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinari, wato kilo huɗu da kwata, sulusinta ya kusa kilo ɗaya da rabi na zinari. Ki je kasuwa ki tambayi kuɗin giram ɗaya ki lissafa. Ban kawo wannan don in karya maki zuciya ba, na kawo ne don in wani a gidanku ya fara cewa ai mun kashe dubu ɗari biyu a asibiti me kuma suke so, ki tuna mashi abin da Allah ya kimanta cikin ɗan mutane. Kuma a surar dai, bayan ayar da ta faɗi hukuncin masu tare mutane da makami, aya ta gaba ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Kotun Najeriya ba za ta sake shi don wannan ba, amma ki ga ko a wurin Allah wanda ya zo da kansa da wanda aka jawo ba ɗaya suke ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumin, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce ka hana shi zaluncin. Wannan hadisin za ki karanta wa Mama, don a ganinta miƙa shi cin amanar ɗa ne, alhali shi ne taimakon da ya rage a hannunta.

Akwai tambayar da zan yi maki, ba sai kin ba ni amsa ba. Yaushe kuka fara sanin yana fita da wuƙa? Don kauranci, wato dabar samari, ba dare ɗaya yake shiga gida ba, ana ganin abokan, ana ganin jan ido, ana ganin wayar da ba a san inda ta fito ba, uwa ta rufa don kada uba ya ji, yaya ta rufa don kada a ce ta tona. Abin nan ya ci mana yara a garin nan ba adadi, na wannan unguwa su sari na waccan a kan ƙwallo ko budurwa ko kallon banza, ranar sallah mutane na murna wasu na ɗinki a asibiti, kuma duk 'ya'yan talakawa ne ke sarar junansu. In akwai ƙananan maza a gidan, yau ɗin nan a ɗaga katifa a duba.

Ki je Daura da kanki kafin ranar. Ke yayarsa ce, akwai abin da zai gaya maki da ba zai gaya wa Baba ba. Kada ki yi mashi alƙawarin za a sake shi, ki gaya mashi shekaru ne mai yiwuwa, amma yana da 22, in Allah ya tashi kafaɗar yaron nan kuma aka raba shi da maganar wayar, zai fito da sauran ƙarfinsa, kuma akwai masu koyon ɗinki da kafinta har da masu karatun jami'ar karatu daga gida a can ciki. Ki gaya mashi za ku riƙa zuwa. Kada a bar shi shi kaɗai a daren ƙarshe, kuma a karɓe wayarsa don abokai za su zuga shi ya gudu.

Mama kuma a samu wata ƙawarta ko ƙanwarta ta zo ta kwana da ita, a lallaɓa ta ko kunu ta sha, a auna mata hawan jini. Ki sake rubuto mani bayan kun ga lauya, kuma dan Allah ki gaya mani halin da yaron ke ciki, ina sa shi a addu'a tare da ku.